Wa Ke Duba Bayan Ƙofa? Ƙa'idar Gidajen Kula da Mutane a Ƙasar Karaye da Rogo



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne ƙa'idojin da ya kamata a bi a gidajen da ake ajiye mutane don a kula da su. Ina nufin gidajen marayu, da na gajiyayyu, da na masu taɓin hankali, da na kangararrun yara, har da waɗanda jama'a suka fi sani da sunan gidajen mari. Sunayensu daban-daban ne, amma abu guda ya haɗa su. Wanda ke zaune a ciki yawanci ba shi ya zaɓi zuwa ba, ba shi da ikon fita sa'ad da ya ga dama, in kuwa an cuce shi, ba shi da bakin kai ƙara. Wanda ke kwance a asibiti danginsa suna kansa safe da yamma. Ɗan makarantar kwana yana zuwa hutu ya ba da labari. Amma marayan da ba shi da kowa, ko saurayin da iyayensa suka gaji da shi suka kai shi aka kulle, rayuwarsa tana hannun mai riƙe da mabuɗi. Tambayata ita ce, wa ke duba mai riƙe da mabuɗin?

Bari mu tuna wa juna abin da ya faru a shekarar 1919 da ɗari, watau 2019, don kada mu yi magana a kan iska. A ƙarshen watan Satumba na wannan shekara 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa a Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu bayansu duk tabon bulala. Ba a yi wata guda ba aka buɗe wani a Daura, aka fitar da mutum 67. Daga nan sai cikin birnin Katsina, sai Zariya, sai Ilori, sai Ibadan. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Jihar Kano ta ba da umurnin rufe irin waɗannan gidaje a jihar nan. A watan Nuwamba kuma ƙungiyar nan ta kare haƙƙin ɗan Adam, Human Rights Watch, ta fitar da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 da ake ajiye masu taɓin hankali a Nijeriya, ta ce a 27 daga cikinsu ta tarar ana ɗaure mutane da ƙarfe. Abin lura shi ne ba gidajen malamai kaɗai ba ne a cikin lissafin. Akwai majami'u, akwai gidajen masu maganin gargajiya, akwai kuma wuraren gwamnati. Saboda haka kada wani ya ce cutar ta addini guda ce ko ta ƙabila guda. Duk inda aka rufe ƙofa a kan marasa ƙarfi, babu mai leƙawa, to abin da za a samu ke nan.

Da waɗannan labarai suka fito kowa ya yi tir, aka kama waɗanda aka kama, aka garƙame gidajen. Wannan daidai ne. Amma a ganina an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Mu tambayi kanmu, wa ya kai waɗannan mutane can? Ba sace su aka yi ba. Galibinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗin abinci wata-wata. Uban da ɗansa ya kama shan ƙwaya, ya sayar da akuyar uwarsa, ya ɗaga wa ƙannensa wuƙa, ba mugunta ce ta kai shi ƙofar gidan mari ba, rasa yadda zai yi ne. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 14 a ƙasar nan sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. A wannan shekara ce kuma gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, saboda yadda matasa suka mai da shi abin sha. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, sa'ad da aka buɗe gidan Rigasa, ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum wajen miliyan 200. Idan an rufe gida, bukatar da ta haife shi tana nan. Abin tsoro shi ne ya tashi daga cikin birni, inda idon hukuma da na 'yan jarida yake, ya koma ƙauye inda ba mai gani.

Nan ne maganar ta iso gidanmu. Ku dubi inda sanannun gidajen gwamnati na jihar nan suke. Gidan gajiyayyu yana Shahuci. Gidan yara marayu yana Nassarawa. Gidan Torrey na yara masu larurar ƙwaƙwalwa yana Tudun Maliki. Gidan ajiye yaran da suka yi laifi yana Goron Dutse. Asibitin masu taɓin hankali yana Dawanau. Duk a cikin birni ne ko bakin birni. Mu kuwa muna can yamma, Rogo ma tana kan iyakar Katsina da Kaduna, inda mutum zai tsallaka jiha da yaro a bayan babur ba wanda ya tambaye shi. Abin da ya fi kusa da mu shi ne makarantar gyaran hali ta Kiru, wadda gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a zamaninta na biyu, tsakanin 2011 da 2015, domin matasa masu shaye-shaye. Kuma ƙasarmu ta taɓa ɗanɗana aikin riƙon mutane da yawa a wuri guda: a 2020, lokacin annobar korona, sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Karaye yana cikin wuraren da gwamnatin jiha ta killace almajiran da aka dawo da su daga waɗansu jihohi. Ke nan batun ba baƙo ba ne gare mu. Ko mun so ko mun ƙi, za a ci gaba da ajiye mutane a hannun waɗanda ba danginsu ba. Abin da ya rage mana shi ne mu san bisa wace ƙa'ida.

Wani zai ce ai babu doka. Akwai. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtar da mutum da wulaƙanta shi, sashe na 35 kuma ya hana tsare shi sai ta hanyar da doka ta yarda. A 2017 aka yi dokar hana azabtarwa. Dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke cikin dokar Turawa ta 1916, ta ɗauki mai taɓin hankali kamar abin da za a kawar daga idon jama'a. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta, wadda ta amince cewa majinyaci yana da haƙƙi, ta kuma sa sharuɗɗa kafin a kwantar da shi ba da son ransa ba. A watan Mayu na wannan shekara Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Kano. Daɗin daɗawa, ga abin da nake so ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke zaune a nan su riƙe: jadawali na huɗu na tsarin mulki, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya sa kafa gidajen gajiyayyu da marasa ƙarfi da kula da su a cikin ayyukanta, a layi guda da maƙabartu. Watau wannan aiki na sakatariyar Karaye ne da ta Rogo tun kafin ya zama na Kano ko na Abuja. Doka tana nan a takarda. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙafar da za ta taka ta je, da idon da zai duba.

To, in an je, me za a duba? Ga abubuwa shida waɗanda a ganina duk gidan da bai cika su ba bai cancanci a ba shi amanar ɗan Adam ba, na gwamnati ne ko na malami, na ƙungiya ne ko na attajiri.

Na farko, rajista. Gidan kansa ya zama an san da shi a rubuce, an san mai shi. A cikinsa kuma a ajiye littafi mai sunan kowane mutum, da garinsu, da wanda ya kawo shi, da ranar da aka kawo shi, da dalili, da ranar da za a sake duba lamarinsa. Wanda ya rasu a rubuta, a sanar da danginsa da hukuma kafin a rufe shi. Mutumin da ba ya cikin littafi, ran da ya ɓace ba wanda zai ce ya ɓace.

Na biyu, likita. Kada a karɓi kowa sai ma'aikacin lafiya ya gan shi. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira kangararru marasa lafiya ne. Farfaɗiya tana da magani mai araha wanda ke tsai da ita ga mafi yawan masu fama da ita. Wanda ya daɗe yana shan ƙwaya, in aka raba shi da ita farat ɗaya ba tare da kulawa ba, yana iya shiga mawuyacin hali. Bulala ba ta warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Addu'a da magani kuwa ba kishiyoyi ba ne. Malami ya yi nasa, likita ya yi nasa.

Na uku, wurin kwana da ci da sha. A ƙidaya mutum nawa ke kwana a ɗaki guda, a duba ko akwai taga. Cunkoso a ɗaki marar iska shi ne gonar tarin fuka da ƙazuwa, da bazara kuma sanƙarau. A duba tsakanin rijiya da masai, don daga nan amai da gudawa ke tasowa. A buɗe tukunya a ga abin da aka dafa, kada a tsaya ga abin da aka rubuta a allo.

Na huɗu, gobara. A watan Nuwamba na 2015 'yan mata bakwai suka rasu a gobarar ɗakin kwana a makarantar sakandare ta Jogana, a nan Jihar Kano. A watan Fabrairu na 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara. Allah ya jiƙansu. Waɗannan makarantu ne, yaran da ke cikinsu ƙafafunsu a sake suke. Ku auna yadda za ta kasance a gidan da aka kulle ƙofarsa ta waje da kwaɗo, mai gadi ya tafi da mabuɗi, mutanen ciki kuma da mari a ƙafa. Mu da muke zaune nesa da 'yan kwana-kwana, kafin motarsu ta iso an gama. Don haka kowane ɗaki ya zama da ƙofa biyu masu buɗewa ta waje, babba ya kwana kusa da mabuɗi a hannunsa, a jera bokitan yashi, a nisanta tarin kara da kananzir da fetur daga wurin kwana, musamman da hunturu sa'ad da kowa ke neman jin ɗumi.

Na biyar, masu kula. A san ko su wane ne, a san halinsu a garinsu, a koya musu aikin. A raba yara da manya, a raba maza da mata, mata su kula da mata. Kada a naɗa wani daga cikin mazauna gidan ya zama mai horon 'yan'uwansa, gama wanda aka daka jiya shi ya fi iya dukan na baya.

Na shida, babu mari, babu turu, babu bulala, babu horo da yunwa. Idan mutum ya tashi zai yi wa kansa ko wani rauni, akwai hanyar da ma'aikatan lafiya suka sani ta riƙe shi na ɗan lokaci, a rubuta dalili, a rubuta sa'ar da aka sake shi. Ƙarfen da ke kwana a ƙafar mutum wata da watanni har ya ci nama, wannan azaba ce, ko da wane suna aka kira ta.

Amma jama'a, ko an rubuta waɗannan shida da ruwan zinariya an manna a bango, ba za su ceci kowa ba sai da abu na bakwai, wanda shi ne ginshiƙinsu: ziyarar da ba a sanar ba, daga mutumin da ba ya cin abinci a hannun mai gidan, wanda zai keɓe da mazauna gidan ya saurare su. Bari in kawo misali biyu daga ƙasashen da suka fi mu kuɗi da yawan dokoki. A Ingila akwai hukuma ta musamman mai duba irin waɗannan gidaje, wadda aka kafa a 2009. Duk da haka a 2011, a wani gida mai suna Winterbourne View kusa da Bristol, ma'aikata suna dukan masu larurar ƙwaƙwalwa suna watsa musu ruwan sanyi. Wani babban nas ya kai kuka ga hukumar, ba a saurare shi ba, sai da ɗan jaridar BBC ya shiga da ɓoyayyar kyamara. Daga baya kotu ta sami ma'aikata 11 da laifi. A Afirka ta Kudu kuma, a 2016, gwamnatin lardin Gauteng ta kwashe masu taɓin hankali fiye da 1,000 daga asibitocin kamfanin Life Esidimeni, don rage kashe kuɗi, ta rarraba su ga ƙananan gidajen ƙungiyoyi. Mutum 144 suka mutu, da yawansu saboda yunwa da ƙishirwa da sanyi. Mai binciken da aka naɗa, Farfesa Malegapuru Makgoba, ya tarar gidaje 27 da aka kai su ba ko ɗaya mai sahihin lasisi. Darasin farko: mai dubawa da ba ya sauraren kuka, da shi da babu duk ɗaya. Darasi na biyu: kwashe mutane daga wani wuri zuwa wani ba tare da an auna inda za a kai su ba yana iya zama kisa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce babu kuɗi. Lalle gina asibiti yana cin kuɗi, amma littafin rajista da bokitin yashi da man babur nawa suke? Za a ce kuma wannan tsarin Turawa ne, mu sirrin iyali muke rufewa. Ku tambayi kakanninku labarin duba-gari a zamanin En'e. Yana shiga gida, ya leƙa randa, ya duba masai, wanda aka samu da ƙazanta a kai shi gaban alƙali. Idan an yarda hukuma ta leƙa randar mutum saboda sauro, yaya za a hana ta leƙa ɗakin da aka kulle 'ya'yan mutane? Kuma wanda ya nuna wa duniya cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali ƙofa a buɗe ɗan ƙasar nan ne. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani danginsa, da safe su je a ba su magani su komo. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su. Daga baya ya zama mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. Sirrin tsarinsa shi ne majinyaci bai taɓa fita daga idon danginsa da na gari ba. Wannan ya fi kama da al'adarmu bisa ga katanga mai tsawo da kwaɗo.

Za a ce kuma ina zargin malamai. Ko kusa. Akwai waɗanda suka riƙe 'ya'yan mutane da tsoron Allah, suka ciyar da su daga gonarsu. Irin waɗannan su ne za su fi kowa cin ribar rajista, don ita ce za ta raba su da masu fakewa da rigarsu. Mai gaskiya ba ya gudun a buɗe masa ƙofa.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Tun watan Yuli na 2024 masarautar Karaye ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyu, Karaye da Rogo. Ƙasa ce da za a iya kewayewa. Babu gidan da zai tara mutum ashirin a ƙauye mai unguwa bai sani ba. Abin da mai unguwa ya sani dagaci ya sani, abin da dagaci ya sani ya isa kunnen hakimi. Ina roƙon masarauta da ƙananan hukumomin biyu su fara da ƙidaya: gida nawa ne a ƙasar nan ake kwantar da mutanen da ba 'yan gidan ba, wa ke riƙe da su, mutum nawa ne a ciki. Sa'an nan a kafa ɗan ƙaramin kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, mai ma'aikacin jin daɗin jama'a, da ma'aikacin lafiya, da duba-gari, da malami wanda gari ke jin maganarsa, da mace dattijuwa, da wakilin hakimi. Su riƙa zuwa aƙalla sau ɗaya a wata uku, ran da suka ga dama, wani lokaci da dare. Abin da suka gani su rubuta, kwafi guda ga shugaban ƙaramar hukuma, guda ga fada, guda ga ma'aikatar da abin ya shafa a Kano. Gidan da aka samu da gyara a ba shi wa'adi. Wanda aka samu da mari ko duka a miƙa lamarinsa ga 'yan sanda, mutanen ciki kuma a san inda za a kai su kafin a taɓa ƙofar.

Ku yayyenmu ma'aikata, wata rana takardar neman izni za ta zo teburinku, tare da gaisuwar wani babba. Kada ku sa hannu a kan gidan da ƙafarku ba ta taka ba. Gani ya kori ji. Mu kuma ɗalibai, a cikinmu akwai masu karatun likita, da shari'a, da ilmin zaman jama'a. Hutu yana zuwa. Mu fassara waɗannan dokoki da Hausar da iyayenmu za su gane, mu kai wa limamai da masu unguwanni. Wanda aka kai ɗan'uwansa wani gida, ya matsa a je a gan shi, a gan shi ido da ido, a ɗaga rigarsa a dubi bayansa, a dubi idon sawunsa. Gidan da ya ce ba a ganin mutum sai bayan shekara, a ɗauko shi a ranar.

Ba mu san wanda gobe za ta kai bayan wannan ƙofa ba. Tsufa yana jiran wanda ya yi tsawon rai, maraici ba ya sallama, hankali kuma aro ne Allah ya ba mu. Ƙa'idar da muka kafa yau don ɗan wani, wataƙila ita ce za ta tsare namu.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana.